Dodannin da Suka Binne Minista

Tun da shugaban ƙasa na uku ya sa wa titin filin jirgi sunan Zakeyu Chapola, babu tsohon da ya rage a garinmu Chilowa wanda bai haƙa kabarinsa ba. Ka zauna wurin masu shan giya, ka zauna ƙofar coci, labarin ke nan. Wannan ya ce shi ya fara sara, wancan ya ce shi ya riƙe kan makara, har da waɗanda a lokacin ko wando ba su fara sawa ba. Da duk masu faɗin nan sun yi haƙan, da ramin ya kai ruwa. Ni Nankhoma ina wurin da idona biyu, kuma in sun fara sai in ɗauki kujerata in koma bayan ɗaki, don har yau in na tuna fuskata nauyi take yi mini.

Zakeyu ɗan garinmu ne. Malamin makaranta ne kafin siyasa ta ɗauke shi, dogo mai ƙaramar murya, wanda ba ya iya wuce yaro a hanya bai tsayar da shi ya yi masa tambayar lissafi ba. Zamanin Turawa tare aka kulle su da Tsoho, wato shugabanmu na farko, ɗaki ɗaya, bargo ɗaya in ji masu faɗi. Da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, Tsoho ya kafa gwamnati ya ba shi ministan ilimi. Ranar da ya zo gida a baƙar mota, mu mata mun yi rawa har ƙafafunmu suka kumbura. Mijina Lufeyo shi ya ɗauke shi a wuya tun daga bakin rafi har dandali, yana ihu wai tare suka yi kiwon awaki suna yara. Daga ranar ba a isa a yi hira da Lufeyo ba sai awakin nan sun shigo ciki.

Ba a daɗe ba abu ya lalace. Tsoho ya kawo dokar da za a riƙa tsare mutum ba shari'a. Zakeyu ya miƙe a gaban sauran ministoci ya ce ai wannan ita ce dokar da Turawa suka kulle su da ita, riga kawai aka sake mata. Waɗanda suka goyi bayansa, wasu suka tsallake iyaka, wasu suka je suka durƙusa aka yafe musu. Shi ya ƙi gudu, ya ƙi durƙuso. Rediyo ta wayi gari tana kiransa macijin da aka goya a baya. Aka dawo mana da shi a bayan motar 'yan sanda, aka ce kada ya ƙetare rafi, kada ya tara mutane.

Ba wanda ya hana mu gaishe shi, mu muka hana kanmu. Wani mai gyaran keke daga ƙauyen gaba ya tsaya ya sha ruwa a gidansa, aka zo aka tafi da shi, ya dawo babu haƙoran gaba. Shi ke nan. Hanyar rijiya da ta bi ta ƙofar gidan Zakeyu sai ciyawa ta cinye ta, muka ɓullo da wata ta zagaye, alhali rijiyar ma shi ya sa aka haƙa mana ita. Awakin Lufeyo kuwa suka ɓace daga hira, ko kukansu ba a ƙara ji ba.

Ya noma masararsa, ya rame, tari ya kama shi. Ya mutu a tsakiyar zafin nan na gab da faɗuwar ruwa, lokacin da ƙasa ke bushewa ta yi tauri kamar bayan tukunya.

Mutum ba ya taɓa gawar nasa. Ba ya wanke ta, ba ya ɗaukarta, ba ya haƙa mata rami, in ya yi to ya nuna wa mutuwa hanyar gidansa ke nan. Wannan aikin azukulu ne, jikokin gawa. Mu 'yan unguwar gangare mu ne jikokin gawar 'yan tudu, su kuma su ne namu, haka muka tashi muka tarar. Kuma aikin ba haƙa kaɗai ba ne. Jikan gawa shi zai sa rigar mamaci ya kwaikwayi tafiyarsa da tarinsa da rowarsa, ya yi ta tsiya har sai mai takaba ta tuntsire da dariya tana hawaye. Zakeyu ɗan tudu ne. Lufeyo kuwa shi ne babban azukulun gangare, kuma gaskiya a wannan fanni ban ga na biyunsa ba.

Da sassafe kukan Nachisale, matar Zakeyu, ya gangaro mana daga tudu. Ban gama ɗaura zane ba sai ga ƙarar babbar mota. Jailosi ne, shugaban jam'iyya na yankinmu, da samarinsa masu rigar kaki. Ɗan garin nan ne shi ma, kuma Zakeyu ne ya koya masa rubuta sunansa. Ya sa aka tsayar da motar a gindin ɓaure, daidai inda hanyar tudu ta haɗu da ta maƙabarta, aka sauko masa da kujera ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Mai gari ya lallaɓa wurinsa da sandarsa, yana tafa hannu a hankali tun daga nesa, ya kira shi Bambo, yadda muke girmama namiji.

"Bambo Jailosi, an hana binnewa ne?"

"Wa ya hana? Gwamnatin Tsoho ba ta faɗa da gawa. Ku binne abinku."

"To waɗannan samarin fa?"

"Iska suka zo sha. Ni kuma na ce bari in zauna in ga fuskokin masoyansa da kyau, don in an tambaye ni a birni kada in yi wa wani ƙarya."

Na koma gida na tarar da Lufeyo kwance a tabarma, fuska na kallon bango.

"Baban Esnati, ba ku ji kuka ba ne?"

"Na ji. Bayana ne ya riƙe."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

"Jiya da kuka shigo da buhun masara a ka kuna waƙa?"

"To ai shi ya jawo."

"Ikon Allah. Ashe bayan ma ya san ƙarar motar jam'iyya."

Ya tashi zaune da sauri, ya manta da ciwon. "Nankhoma, bakin nan naki wata rana shi zai kai mu inda ba a dawowa. Esnati tana ina? Ba tana birni tana koyon aikin jinya a makarantar gwamnati ba? Jailosi ya kai fuskata can, washegari a watso mata kayanta waje, ni kuma in dawo ina shan kunu da dasashi. Wanda ya mutu ya huta. Mu da muka rage fa?"

"Da uwata ta mutu, wa ya shiga ramin?"

Ya sani sarai. Zakeyu ne, yana malami a lokacin, ya naɗe wandonsa na zuwa aji har gwiwa ya shiga. Amma maganar Esnati ma gaskiya ce. Na tsaya ina kallon bayan wuyan mijina, ina jin haushinsa, ina kuma jin tsoron da yake ji. Na ɗauki kwaryar gari na fita.

Na haura tudu ta cikin gonar ayaba, yadda duk matan da suka je suka bi. Gidan da a da motoci ke yin layi a ƙofarsa, na tarar da mata ba su cika tabarma biyu ba. 'Ya'yansa maza tuni suna ƙetaren iyaka. Fasto ya hau keke tun asuba, wai an kira taro a birni. Kafinta ya aiko ya ce katako ya ƙare. Zakeyu yana kwance a kan gadonsa yadda rai ya bar shi, Nachisale tana zaune nesa kaɗan da reshen mangwaro a hannu tana korar masa ƙuda, don ko bakinsa ba ta da ikon rufewa. Gawar namiji kuma maza ke wankewa, mu matan gangare namu girki ne da zama.

Ta ɗago ta dube ni. "Ƙanwata, mazanku fa?"

"Suna tafe, Yaya."

"To."

Ba ta ƙara tambaya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Rana ta take, kwanon rufin ɗakin ya ɗauki zafi yana ƙara. Duk motsin da aka ji a waje sai ta juya ta kalli ƙofa, sai ta ga kaza ce ko wata mata ta ɓullo daga cikin ayaba da zane a ka. Da la'asar yayar Zakeyu, wata tsohuwa da ba ta gani sosai, ta ce a hura wuta a bakin ƙofa a zuba ɗanyen ganye. Kowa ya san dalilin hayaƙin, ba wadda ta faɗa.

Washegari hayaƙin ya daina rufe komai. Matan da ke zaune suka riƙa matsawa waje da kaɗan-kaɗan, wai zafi. Jailosi yana nan a gindin ɓaurensa, har an kawo masa shayi. Mazan gangare kuwa sun gaji da kwanciya, sun fito dandali sun zauna a inuwar mangwaro sun kewaye dara, amma ba mai motsa ɗa ko guda.

Hantsi ya ɗaga sai Nachisale ta ajiye reshen. Ta shiga ƙurya ta sa farar rigarta ta zumuntar matan coci, ta ɗaura ɗankwali, ta je bayan rumbu ta ɗauko fartanya ta saɓa a kafaɗa.

"Yaya, ina za ku?"

Ta sa kai ta fita. Kuma ba ta bi ta ayaba ba. Ta miƙe babbar hanya, ta tsakiyar gari, mu muna biye da ita kamar 'yan kaji. Ta wuce ta gaban masu dara. Na ga manya masu furfura sun sunkuyar da kai suna kallon yatsun ƙafarsu, mai gari ya ja hularsa ya rufe ido. Ta wuce ta gaban Jailosi, shi ma ya kau da kai ya shiga laluben ashana a aljihu. Tun da aka kafa Chilowa ba a taɓa jin mace ta ɗauki fartanya za ta haƙa wa mijinta kabari ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da duk wanda aka haifa a gangare.

Maƙabartarmu kurmi ce, mace ba ta shiga sai tana bin gawa. Ta tsaya a bakin kurmin ta ɗaga fartanya ta sara. Fartanyar ta yi tsalle ta dawo, ko alama ba ta bari ba. Ta sake. Ta sake. Mace ce da ta manyanta, ga kwana ba barci, sara na huɗu sai ta yi taga-taga. Na ruga na riƙe ƙotar.

"Yaya, don girman Allah ku bari."

"Sake mini, ƙanwata."

"Mutuwa za ta bi ku gida."

"Ta biyo mana. Wa ya rage ta ɗauka? Mijina yana can yana kumbura a kan gadon da na haifi 'ya'yansa. Tun da gangare ba maza, ai sai in yi da kaina."

Da ƙyar muka ɓamɓare hannunta, mata suka riƙe ta suka mayar da ita tudu. Ni kuwa fartanyar na saɓa na nufi gida. Lufeyo ba ya cikin masu dara, yana tsaye a tsakar gida ya kafa ido a wata kafa ta danga, ashe duk ya gani. Na jefa fartanyar a gabansa har ta kusa sare masa yatsa.

"Ga ta nan. Ta gaji, ta ce a kawo wa matar da ta fi ta ƙarfi."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Na zaci zai ɗaga hannu. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya tsallake fartanyar ya fita, na leƙa na ga ya nufi wurin mai gari ya durƙusa suna magana ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan masu dara suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce zai duba tarko, wancan ya ce akuyarsa ta tsinke. Kafin rana ta raba tsaka babu namiji ko ɗaya a dandali sai mai gari.

Ina tudu wurin Nachisale muka ji ganga daga cikin kurmi. Ba kiɗan coci ba, wancan kiɗan, mai shiga ciki. Muka fito ƙofa. Sai ga su sun keto daga cikin itatuwa a jere, jiki shafe da toka da jar laka, tsummoki da ganye a ƙugu, fuskokin itace masu gashin tsuntsu a ka, wata ja mai dogon hanci, wata baƙa mai haƙoran masara. Dodanni. Amma maimakon bulala da suka saba riƙewa, diga ce da fartanya a hannunsu, biyu kuma suna ɗauke da makarar gora.

Dodo ba mutum ba ne. Daga kurmi yake fitowa, can yake komawa, ba shi da suna, ba shi da gida, ba shi da katin jam'iyya. Mu mata haka aka ce mu ce, haka kuma muke cewa, ko da ke kika cire wa ƙafar nan ƙaya shekaranjiya. Wanda ya ambaci sunan dodo a fili ko ya taɓa fuskarsa, abin da zai same shi ba a faɗa. Jailosi da kansa ya shiga kurmin nan yana saurayi, haka ma yawancin samarinsa, sun san abin da suka rantse a kai. Gwamnatin Tsoho ma duk bikin ranar 'yanci sai ta aiko mota an kwashi dodanni sun je sun yi wa baƙi rawa.

Jailosi ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Mai gari, mene ne wannan?"

"Yadda kuka gani haka na gani, Bambo. Ga su nan, ku tambaye su."

"Wasa za ku yi da gwamnati?"

"Ni? Ni da ko gudu ba na iyawa? Ku dai duba fuskokin da kyau, kada a tambaye ku a birni ku yi wa wani ƙarya."

Wani cikin samarin, mai rawar kai, ya nuna dodon da ke gaba da yatsa. "Shugaba, wancan mai ɗingishin ai kamar..."

Bai ƙarasa ba Jailosi ya kwaɗa masa mari. "Rufe mini baki, ɗan banza! So kake ka kashe mu?"

Dodannin suka rabu biyu. Wasu suka koma kurmi da diga, wasu suka hauro tudu. Mu mata muka dare, muka rufe fuska da gefen zane yadda aka saba, muna leƙe ta ƙasa. Ni ƙafafu nake kallo. Ga babban yatsan da ƙusa ta taɓa tsagawa, ga kaushin da na sha gogewa da dutse. Suka shiga ɗakin suka ja ƙofa. Da suka fito, ministan ilimi na farko a ƙasar nan yana naɗe a tabarmar kara, an ɗaure da igiyar rama.

Ba zan ɓoye ba, a lokacin daɗi na ji. Da suka wuce ta gaban motar jam'iyya da makara a kafaɗa, Jailosi yana tsaye yana cizon leɓe ba yadda zai yi, wata ta rangaɗa guɗa, na rangaɗa tawa. Na ce a raina, kai, mazanmu akwai dabara. Sai da na juya na ga fuskar Nachisale, na katse guɗar.

Zakeyu dattijon coci ne. Yana malami ya sha zuwa bakin kurmin nan ya tsaya yana kiran ɗalibansa da sunayensu, yana cewa su ajiye fuskar itace su dawo aji, har wata shekara dodanni suka bi shi da bulala ya yar da takalmi. Yau su ne a kansa. Kuma dodo ba ya magana da muryar mutum, sai dai wannan siririn ihu nasa. Saboda haka ba wanda ya sa rigar Zakeyu ya yi doguwar tafiyarsa, ba wanda ya tare mai gari ya yi masa tambayar lissafi, ba wanda ya ce ga abin da mutumin nan ya yi a duniya. Ko sunansa ba a ambata ba. Da aka zo saka shi, Nachisale ta ɗauko waƙar coci ita kaɗai, muka kama mata a tsorace, ganga ta danne mu. Suka tura ƙasa, suka daddaɓe, suka juya suka shige duhun kurmi ba waiwaye.

Jailosi ya tofar da yawu, ya sa aka ɗora kujerarsa. Motar ta tashi ta ƙetare rafi, muna jin ƙararta har ta ɓace.

Muna komawa tudu Nachisale ta ce a kamo akuya. Ita ke nan ta rage mata. Yayar Zakeyu ta ce ko a bari, ta ce ba za a bari ba, mijinta ba kare ba ne. Saura abincin azukulu. In an gama binnewa, masu haƙa sukan zo ƙofar gidan mamaci da ƙasar kabari a hannunsu. Mai takaba ta durƙusa da kwaryar ruwa mai ganye, ta zuba wa kowa a hannu, ta dubi idonsa ta kira sunansa ta ce ta gode. Sannan su zauna su ci. Ba mai taɓa abincin nan sai su, dangi ba sa ci, mata ba sa ci. Sai an yi wannan ake cewa an binne mutum, in ba haka ba rami kawai aka rufe.

Wani tsohon maƙwabci ya yanka mana akuyar ya gudu. Muka tuƙa tuwon masara tukunya biyu, muka yi miyar ganyen kabewa da gyaɗa. Nachisale da kanta ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ta jera akusa, ta ɗauko kwaryar ruwa ta durƙusa tana kallon hanya.

Daga ƙofar ana hango dandali. Muna kallo mazan suka fara dawowa, kowa ta hanyarsa daban, kowa ya yi wanka tas. Wani da ƙugiyar kamun kifi, wani da ɗan itace a ka, Lufeyo da igiyar akuya ba akuya. Suka zauna a inuwar mangwaro suka kewaye dara. Babu mota, babu rigar kaki, babu baƙo ko ɗaya a garin. Su ne kawai, su da suka yi gumi a rami ɗaya ɗazu. Amma wanda duk ya hau tudu ya miƙa hannu aka kira sunansa, ya cire fuskar itace ke nan a gaban kowa, kuma kowa a cikinsu yana da ɗan'uwa ko suruki mai zuwa ofishin jam'iyya. Sai suka zauna suna satar kallon juna.

Nachisale ta ɗaga murya. "Waɗanda suka binne mijina, abinci ya sauka!"

Muryar ta kai, don na ga kawuna sun motsa. Ba wanda ya tashi.

Ta jira. Tuwo ya daina tururi. Ta sake kira, wannan karon muryar ta fashe a tsakiya. Na kasa zama. Na gangara dandali, na durƙusa gefen Lufeyo yadda ya kamata mace ta yi a gaban maza, na yi ƙasa da murya.

"Baban Esnati, ana jiranku."

"Ni? A kan me?"

"Motar ta tafi. Mai wuyar kun riga kun yi. Hannu kawai za ku miƙa ta zuba muku ruwa."

Sai ya ɗaga murya don na kusa su ji. "Wane hannu? Ni yau ban bar bakin rafi ba, ina neman akuya. Ko ba haka ba, Bambo Tsoka?"

"Haka ne," in ji na kusa da shi. "Tare muke."

Na kalli tafin hannun mijina. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe suna ruwa. Ya ga ina kallo, ya cusa hannuwan tsakanin cinyoyinsa. Na tashi na koma tudu, ban san da wane baki zan yi mata bayani ba.

Ba ta ma tambaye ni ba. Ta dubi fuskata ta gane. Ta ɗan ƙara zama har inuwa ta yi tsawo, ƙuda suka fara sauka a kan naman. Sannan ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta sun sage, ta ɗora kwaryar ruwan a ka.

"Ku ɗauko tukwanen," ta ce.

Muka ɗauka muka bi ta, ta babbar hanya kuma. Ta kai mu bakin kurmi, daidai inda ta yi sara da safe. Ta sa muka jera tuwo da nama a ƙasa. Matar da ta yi shekara da shekaru tana shugabantar zumuntar mata, wadda ko kiɗan kurmi ta ji sai ta rufe taga, ta durƙusa da farar rigarta a gaban itatuwa. Ta tsiyaye ruwan a ƙasa a hankali har ya ƙare. Ta tafa hannu, ta yi magana da ƙarfi yadda za a ji a dandali.

"Ban san sunayenku ba, ku yi mini haƙuri, da na kira. Mijina ya kwanta yana jiran mutane, ku kuka zo. Na gode. Ga abincinku."

Ba abin da ya motsa a kurmin. Karnukan gari, da suka biyo ƙanshi tun daga tudu, suka tsaya nesa kaɗan suna jiran mu ba da baya.

Hanyar komawa dole ta gaban mangwaro take. Na yi fatan ta wuce da sauri, ko ta tofa musu yawu, ko ta zage su ta uwa ta uba, kowanne da na ɗauka. Sai ta tsaya. Ta riƙe kwaryar da hannu biyu, ta ɗan rusuna yadda macen da ta sami tarbiyya ke yi wa maza. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba.

"Sannunku da hutawa," ta ce.

Na jira wani ya miƙe. Ko mutum ɗaya, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata. Ina tsaye a bayanta da tukunyar da ba komai a ciki, ina roƙon Allah a raina ya sa nawa ne zai miƙe.

"Yauwa, sannu," suka amsa gaba ɗaya, kuma a cikin muryoyin na ji ta mijina.